Ruhubanawan Katolika da Batun Sabunta Zumunci da Bishara: Ina Ya Shafi Mayahi da Tasawa?

Mutumin Mayahi ko na Tasawa zai iya tsufa bai taɓa haɗa tabarma da limamin Katolika ba. Abin da ya sani game da 'yan mishan yawanci ji ne: makarantarsu da ke Maraɗi, hatsin da ƙungiyar Karitas ta raba a shekarar yunwa, coci-cocin da aka ƙona a Damagaram da Yamai a 2015, ko wani jawabin Fafaroma da rediyo ta kawo. Shi ya sa idan labari ya zo cewa ƙungiyoyin ruhubanawan Katolika suna ta taro kan sabunta zaman zumunci da sabunta aikin bishara, fassara biyu ke saurin fitowa. Wasu Musulmi su ce ga wani sabon shiri na raba 'ya'yanmu da addininsu. Wasu Kirista kuma su ɗauka an kusa turo musu ma'aikata da kuɗi da gine-gine. Duka biyun sun tsallake tushen maganar, domin gyaran da ake nufi daga cikin gidan ruhubanawan kansu ya faro.

Su wane ne ake magana a kansu?

A bakin jama'a, duk namijin da ke aikin coci fasto ne. A tsarin Katolika akwai bambanci. Akwai limamin da ke ƙarƙashin bishop kai tsaye, wanda a Najeriya ake kira fada, a Nijar kuma ake kiransa da lafazin Faransanci, mon père, wato babana. Ƙasar da bishop ke shugabanta ita ce dayosis. Sai kuma mutanen da suka shiga wata ƙungiya ta addini suka ɗauki wa'adi uku a gaban Allah: talauci, wato ba za su mallaki komai da sunansu ba, zaman rashin aure da kame kai, da biyayya ga shugaban ƙungiya. Waɗannan ne Larabci ke kira ruhban, malamanmu suka ce ruhubanawa.

Kalmar ba baƙuwa ba ce ga mai zuwa tafsiri. Suratul Ma'ida ta ambace su da alheri a aya ta 82, Suratut Tauba ta zargi da yawansu da cin dukiyar mutane a aya ta 34, Suratul Hadid kuma a aya ta 27 ta yi maganar ruhubananci da yadda masu shi suka kasa riƙe shi yadda ya kamata. Mai karatun sira ya san labarin ɗayansu, Bahira.

Ruhubanawa iri-iri ne. Na dauri su ne masu shiga gidan ibada guda su zauna cikinsa har mutuwa, suna noma suna addu'a. A farkon ƙarni na 13 wani sabon iri ya ɓullo a biranen Turai. Faransis, ɗan wani attajirin tufafi a garin Asisi na Italiya, ya bar dukiyar ubansa ya tara abokai. Fafaroma ya yi na'am da hanyarsu a 1209, aka tabbatar da rubutacciyar dokarsu a 1223. Dominik, mutumin Sifen, ya kafa ƙungiyar masu wa'azi wadda aka amince da ita a 1216. Mabiyan waɗannan biyu, wato 'yan Faransiskan da 'yan Dominikan, da 'yan Karmel da 'yan Agustin, ba su kulle kansu ba. Sun shiga kasuwa da unguwa suna wa'azi, suna cin abin da aka ba su sadaka, shi ya sa aka kira su ƙungiyoyin masu bara. Bahaushe zai tuna da almajiri da gardi, kuma kamar ba ta yi nisa ba, sai dai su manya ne da suka zaɓi hanyar da kansu. Sunan da suke kiran juna shi ne ɗan'uwa, frère a Faransanci. Wani ɗan'uwan limami ne, wani kuwa malamin makaranta ne ko manomi ko ma'aikacin jinya wanda bai taɓa jan sallar coci ba.

Rediyo ta saba cewa ɗariƙar Katolika tana nufin cocin baki ɗaya. A gaskiya waɗannan ƙungiyoyi ne suka fi kama da ɗariƙa yadda muka san Tijjaniyya da Ƙadiriyya: akwai wanda ya kafa, akwai tarbiyya, akwai lokutan addu'a na dole, akwai gidan da ya yi kama da zawiya. Ba a shiga da gaggawa. Dokar cocin ta 1983 ta ce sai an yi aƙalla wata 12 na gwaji, sannan wa'adin wucin gadi na shekara 3 zuwa 6, kuma ba a ɗaukar wa'adin har abada kafin shekara 21 da haihuwa.

Bishara kuwa albishir ne, wato saƙon Linjila, kuma aikin bishara shi ne isar da shi. Kalmar da ta fi tayar da hankali ita ce sabuwar bishara, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya yayata tun daga jawabinsa na Haiti a 1983. Waɗanda aka fi nufi da ita su ne Kiristan da suka gaji addini suka sake shi, musamman a Turai. A ma'aunin Musulmi ta fi kusa da tajdidi, wato wa'azin cikin gida.

Sawunsu a ƙasar Hausa

Zuwan 'yan'uwan nan ƙasar Hausa ya girmi zuwan sojan Faransa da kusan ƙarni biyu. A 1710 wasu 'yan Faransiskan biyu, Carlo Maria na Genova da Severino na Silesia, suka taso daga Tarabulus suna bin labarin cewa akwai Kirista a kudancin hamada. Suka ratsa Fezzan zuwa Agadas, suka iso Katsina, inda rashin lafiya ta kashe su a 1711. Ba su bar coci ko mabiyi ba. Hanyar ayari daga Agadas zuwa Katsina ita ce ta kawo Bajamushe Heinrich Barth Tasawa a farkon 1851.

Zaman Katolika mai ɗorewa a Nijar ya fara ne a Yamai a 1931, ta hannun ƙungiyar SMA. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Ridamtoris suka karɓi aikin. Ɗayansu, Hippolyte Berlier, shi ne bishop na farko na Yamai a 1961, kuma da ya sauka a 1984 sai ya koma ƙasar Agadas ya zauna cikin Buzaye. A watan Maris na 2001 aka kafa dayosis na Maraɗi, aka naɗa Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso, bishop ɗinsa na farko. Dayosis ɗin ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Difa da Agadas, don haka Mayahi da Tasawa suna cikinsa. Faɗin ƙasa ne mai ban tsoro, amma mabiyan ba su wuce 'yan dubbai ba, kuma yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu asali daga Benin, Togo, Burkina da Najeriya. Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmin Nijar sun haura kashi 99 cikin ɗari. Ko 'yan tsirarun Hausawan karkarar Maraɗi da suka zama Kirista, mafi yawansu ta hannun mishan SIM ta Tsibiri da Danja suka shiga, ba ta Katolika ba.

'Yan Ridamtoris da SMA, da Fararen Fada da suka yi aiki a Damagaram da Birnin Ƙonni, ba sa cikin ƙungiyoyin masu bara, ko da yake batun zaman tare ya shafe su su ma. Masu barar da suka fi kusa da Mayahi suna tsallaken iyaka. 'Yan Dominikan daga Shikago ta Amurka sun sauka Legas a 1951, aka damƙa musu lardunan Sakkwato da Katsina a 1953. Bishop biyu na farko na Sakkwato, Edward Lawton da Michael Dempsey, nasu ne. Sun zauna a Gusau da Funtuwa da Malumfashi, suka yi aiki cikin Maguzawa. Ɗayansu, Joseph Kenny, ya koyi Hausa da Larabci har ya koyar da ilimin addinin Musulunci a Jami'ar Ibadan. A 1993 reshen Najeriya da Gana ya zama lardi mai cin gashin kansa. Sai a 2023, shekara 70 bayan an damƙa musu yankin, aka kafa dayosis na Katsina aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, wanda aka bayyana a matsayin Bahaushe na farko da ya zama bishop na Katolika. Wannan tsawon lokaci kaɗai ya isa ya nuna saurin tafiyar abin.

Abin da ya jawo maganar gyara

Mafarin shi ne babban taron Vatikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965. A ranar 28 ga Oktoba 1965 taron ya fitar da takarda kan ruhubanawa, wadda ta umarce su da abu biyu: su koma ga Linjila da manufar wanda ya kafa su, su kuma daidaita rayuwarsu da zamani. A rana guda ya fitar da takardar da ta yi maganar Musulmi da girmamawa.

Abin da ya biyo baya bai zo yadda aka zata ba. Dubbai sun ajiye wa'adi, samarin Turai suka daina shigowa. Babban reshen 'yan Faransiskan ya kai kusan mutum 27,000 a farkon shekarun 1960. Yau bai kai rabin haka ba. Gidajen Faransa da Italiya sun cika da tsofaffi, yayin da sababbin shiga ke fitowa daga Afirka da Asiya. A 2019 'yan Dominikan suka zaɓi Gerard Timoner, ɗan Filifin, ya shugabance su.

Ƙarancin mutane ya haifi ciwon da ya fi damun su. Inda aiki ya yi yawa ma'aikata suka yi kaɗan, sai a raba 'yan'uwa ɗai-ɗai, kowa ya riƙe coci a wani gari. Mutum ya yi wa'adin zaman tare, ga shi yana cin tuwo shi kaɗai shekara goma. A ƙasashen Sahel wani abu ya ƙaru a kai: ɗan'uwa ya zama mai kula da kuɗin agaji, da mota da ofis da rahoton da zai aika Turai. Wanda ya yi wa'adin talauci ya wayi gari ya fi kowa abin hannu a unguwa, danginsa kuma, bisa al'adarmu, suna sa ran ya ɗauki nauyinsu. A gidan da ya haɗa ƙabilu da ƙasashe, zo mu zauna kan zama zo mu saɓa, musamman lokacin zaɓen shugaba. Sannan ga abin kunyar cin zarafin yara da mata da aka bankaɗo a ƙasashe da dama, wanda ya shafi wasu ruhubanawa ya kuma nuna abin da ke faruwa idan babu mai tambayar wani ina ka kwana.

Matakan gyaran suna bin waɗannan raunuka ne. Ana neman a dawo da addu'ar safe da ta yamma cikin jam'i, da cin abinci a akushi ɗaya, da asusu ɗaya wanda kowa ke zuba albashinsa ciki, da zaman shawara na gida inda ƙarami zai iya yi wa babba gyara. Fararen Fada suna da tsohuwar doka cewa kada gidansu ya gaza mutum uku, kuma irin wannan tunani ne ke sa ƙungiyoyi su rufe gidaje biyu don su raya ɗaya. A 2019 Fafaroma Francis ya sa dokar cewa ɗan'uwan da ya bar gidansa ba izini har wata 12 a jere, ba a san inda yake ba, ya fita daga ƙungiya. A 2022 ya buɗe ƙofar ɗan'uwan da ba limami ba ya shugabanci limamai, bisa amincewar Vatikan, abin da 'yan Faransiskan suka daɗe suna roƙo domin shi Faransis na Asisi kansa ba limami ba ne. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayu 2025, ɗan ƙungiyar Agustin ne kuma ya shugabance ta daga 2001 zuwa 2013. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ake ciki ke nan.

Bishara inda kusan kowa Musulmi ne

A nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa, har a tsakanin 'yan'uwan kansu.

Ɓangare na farko yana kafa hujja da Faransis na Asisi. A 1219, ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibiyya, ya tsallaka sansani a Dimyaɗ ta Masar ya gana da Sarki al-Malik al-Kamil, ya dawo lafiya. Dokarsa ta 1221 ta shimfiɗa wa mai zuwa cikin Musulmi hanya biyu. Ta farko, ya zauna ba gardama ba jayayya, ya yi wa kowa ladabi, kada kuma ya ɓoye cewa shi Kirista ne. Ta biyu, ya yi wa'azi idan ya ga Allah ya yarda da lokacin. Masu wannan ra'ayi suna cewa a ƙasa irin Nijar zaman kansa shi ne saƙon. Suna misali da Charles de Foucauld, wanda ya zauna cikin Buzayen Tamanrasset har aka kashe shi a 1916, ya bar ƙamus na harshensu, bai bar taron mabiya ba. Suna kuma tuna Pierre Claverie, ɗan Dominikan, bishop na Oran a Aljeriya, wanda bom ya kashe tare da direbansa Musulmi, Mohamed Bouchikhi, a 1996.

Ɓangare na biyu yana ganin wannan shirun ya yi yawa. Hujjarsu ita ce ƙungiyar da aka kafa don wa'azi, idan ta koma gina rijiya da rabon magani kaɗai, ba ta da bambanci da kowace ƙungiyar agaji. Suna kallon coci-cocin Fentikos da ke wa'azi da lasifika da rediyo suna jan matasan Katolika, suna tambaya har yaushe za a ci gaba da yin ƙasa da murya.

Musulmi ma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai iyayen da ke kai 'ya'yansu makarantar mishan saboda ingancin karatu, yaran su fito da sallarsu. Akwai malaman da ke ganin makaranta da likita da hatsi tarko ne. A ganin mai wannan sharhi, damuwar nan ba ta rasa tushe ba, kuma kuskure ne a kira ta jahilci. A ƙasar da damina ɗaya ta gaza sai rumbu ya ƙare kafin bazara, kamar yadda aka gani a jihar Maraɗi a 2005, mai bayarwa da mai karɓa ba sa tsaye a kan ƙasa ɗaya. Bahaushe ya san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ko mai kyautar bai nemi komai ba, nauyi na kan wanda ya karɓa. Cocin kanta ta san da haka. Takardar taron Vatikan kan aikin mishan, ta Disamba 1965, ta haramta tilasta wa mutum shiga addini ko jan shi da dabarun da ba su dace ba, dokar 1983 kuma ta sake hana tilastawa. Wannan ma'auni ne da kowane mai gari zai iya riƙe su da shi.

Akwai misali kusa da gida, ko da yake na mata ne. A 2006 Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, ta kafa ƙungiyar 'yan'uwa mata a dayosis na Maraɗi. Sun zauna a Tsibiri da Ɗan Bako, suka buɗe makaranta da wurin ciyar da yara masu tamowa, suna tara limaman masallatai da masu gari a tattauna auren wuri da karatun 'ya mace. Ta rasu a 2021. Abin lura a aikinta shi ne ta ƙofar shugabannin gari ta shiga, da rana tsaka.

Ɗaya gefen kuma dole a faɗe shi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya sauka kan mutanen da ba su zana komai ba: an ƙona gomman coci-coci a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. Maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye wasu Kiristan a gidajensu. A watan Satumba 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli na SMA a Bomoanga, sai Oktoba 2020 aka sako shi a Mali. A Yuni 2019 an ƙona wata coci a Maraɗi bayan kama wani limamin masallaci da ya soki dokar tsara harkokin ibada. Wanda ke zaune cikin irin wannan fargaba, zaman 'yan'uwa uku a gida ɗaya ya zame masa batun tsira da lafiyar zuciya.

Abin da ake iya tsammani

Babu alamar cewa wannan gyara zai kawo ayarin masu wa'azi cikin Gulbin Kaba. Ƙungiyoyin ba su da mutanen, tafiyar Bature a karkara ta yi wuya saboda tsaro, kuma tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantakar Nijar da ƙasashen da kuɗin agaji ke fitowa ta canja. Abin da ya fi yiwuwa shi ne gidaje kaɗan a manyan garuruwa, masu ɗauke da 'yan Afirka, waɗanda dole su nemi abincinsu da koyarwa ko noma ko jinya. Ta wannan fuska matsin zai iya mayar da su kusa da talaucin da suka yi wa'adi, ya kuma rage zargin da kuɗin waje ke jawowa.

Haɗarin da ke ciki shi ne gyaran ya tsaya a takarda, ko ya zama janyewa bayan katanga mai tsawo da mai gadi a ƙofa. Ɗan'uwan da ya zo daga Kotonu ko Wagadugu baƙo ne a Kanan Bakashe kamar yadda Bafaranshe yake, idan Faransanci kaɗai yake ji. Wanda bai iya gaisuwar ta'aziyya da Hausa ba, bai je suna ba, bai san lokacin da ake shuka gero ba, ba zai san maƙwabcinsa ba, maƙwabcin ma zai ci gaba da saninsa ta bakin wasu.

Don haka kira na farko ga shugabannin waɗannan ƙungiyoyi ne: duk wanda za a turo ƙasar Maraɗi a turo shi tare da 'yan'uwansa, ya koyi Hausa kafin ya buɗe ofis, ya fara da gaida sarki da liman, kuma ranar rabon hatsi kada a haɗa ta da wa'azi. Sarakuna da malaman Mayahi da Tasawa kuwa, idan irin waɗannan baƙi suka zo, a kira su zaure a tambaye su abin da ya kawo su da inda kuɗinsu ke fitowa, a riƙe su da amsar da suka bayar, sannan a tsare musu rai da ɗakin ibadarsu kamar na kowane maƙwabci.